Yadda za a yi aiki da hujjar bincike wajen sa mutanen unguwa motsa jiki

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin awon hawan jini na ƙaramin asibiti ya san jumlar da ake sallamar mara lafiya da ita bayan an rubuta masa magani: "Baba, a rage gishiri, a riƙa motsa jiki." Baba zai ce to, ya naɗe takardarsa ya sa a aljihu, ya fita bakin ƙofa ya tare ɗan acaɓa, ko da kuwa gidansa bai fi tafiyar minti goma ba. Bayan wata guda zai dawo, a sake ɗaura masa abin awo a damtse, a sake maimaita masa jumlar. Shawarar gaskiya ce, sai dai ba ta faɗi nawa ba, ba ta faɗi yaushe ba, ba ta kuma faɗi da wa ko a ina ba, alhali waɗannan ne tambayoyin da masu binciken lafiyar al'umma suka shafe fiye da shekara 70 suna bin diddiginsu. Wannan bayani na ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, da malamin makaranta, da shugaban ƙungiyar unguwa, da duk wanda aka ɗora wa nauyin shirya wa jama'a wani abu na motsa jiki, yake kuma son shirin nasa ya tsaya a kan abin da aka gwada aka ga amfaninsa.

Fara da sanin adadin

A watan Nuwamban 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na motsa jiki da rage yawan zama, kuma ya kamata ka haddace su kafin ka tsaya gaban jama'a. Baligi daga shekara 18 zuwa 64 ana so ya samu minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, ko ya gauraya su, sannan ya sa manyan tsokokin jikinsa aiki sosai aƙalla kwana biyu a mako. Wanda ya kai shekara 65 adadinsa ɗaya ne da na sauran manya, illa an ƙara masa atisayen ƙarfin ƙafa da daidaita tsayuwa kwana uku ko fiye a mako, saboda faɗuwa ce ke kwantar da tsofaffi da yawa, karayar ƙugu kuwa ba kowane tsoho ke tashi daga ita ba. Yara daga shekara 5 zuwa 17 suna bukatar kimanin minti 60 a kullum, a ciki har da guje-guje da tsalle-tsalle aƙalla kwana uku a mako. Mace mai juna biyu da mai jego, muddin likita ko ungozoma ba su ga wata matsalar da za ta hana ba, minti 150 na matsakaici ne nasu.

Kalmar "matsakaici" ba ta gaya wa mutum komai sai ka fassara masa ita da jikinsa. Hanya mafi sauƙi ita ce ta numfashi: idan yana tafiya yana iya hira da na kusa da shi amma ba zai iya rera waƙa ko jan ƙira'a ba, to yana kan matsakaici, idan kuwa ba ya iya haɗa kalmomi kaɗan sai ya tsaya ya ja numfashi, ya shiga mai ƙarfi, kuma minti ɗaya na wannan yana tsayawa a madadin minti biyu na wancan. Tafiyar rangwaɗa da ake yi ana gaisawa da kowa a hanya ba ta cika kaiwa matsakaici ba. Tafiyar mutumin da ya ji an tayar da iƙama yana bakin layi, ita ce ake nufi.

Akwai abubuwa biyu a ƙa'idojin 2020 da suke sauƙaƙa aikinka ƙwarai. A na 2010 an shardanta cewa sai motsin ya kai minti goma a jere kafin a lissafa shi, amma an cire wannan sharaɗi, don haka minti biyar zuwa masallaci da minti biyar na dawowa duk suna shiga lissafi. Na biyu, hukumar ta faɗa ƙarara cewa kaɗan ya fi babu, wato dai da babu gara ba daɗi, kuma bincike ya nuna wanda ya tashi daga zaman dirshan zuwa ɗan motsi shi ne yake samun riba mafi girma a kan kowane mintin da ya ƙara. Sannan ƙa'idar ba ta damu da sunan aikin ba. Daka da surfe, jan ruwa a rijiya, huɗa, tura kurar ruwa, hawan keke zuwa kasuwa, duk motsa jiki ne idan sun sa numfashi ya hau.

Ka san daga ina hujjar ta fito

Wata rana wani zai miƙe a taro ya ce, "Malam, wa ya ce?" Ya kamata ka kasance da amsa. A 1953 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Jerry Morris da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka gani a tsakanin ma'aikatan sufurin birnin Landan kimanin 31,000. Direbobin manyan motocin nan masu hawa biyu suna wuni a zaune, kwandastoci kuwa suna wuni hawa da sauka a matattakala suna karɓar kuɗin mota, kuma ciwon zuciya ya fi kama direbobin, ya kuma fi saurin kashe su. Masu suka suka ce wataƙila dama masu ƙiba ne ke zaɓar tuƙi, har sai da Morris ya koma ya duba girman ƙugun wandunan aikin da ake raba wa ma'aikatan. Wannan ita ce matsalar duk binciken da aka tsaya ana kallon mutane kawai: yana nuna abu biyu suna tafiya tare, amma da wuya ya tabbatar da wanne ya jawo wanne.

Shi ya sa gwajin da ake raba mutane rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a ya fi nauyi. Fitaccen misali shi ne na rigakafin ciwon suga da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002. An ɗauki mutum 3,234 waɗanda sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba, aka raba su uku: wasu aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta, wasu aka ba su maganin suga mai suna metformin, wasu kuma aka taimaka musu su gyara cin abinci, su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiyar sauri ta minti 150 a mako. Cikin kusan shekara uku, metformin ya rage kamuwa da ciwon da kashi 31 cikin 100, gyaran abinci da tafiya kuwa suka rage da kashi 58. Idan za ka kawo wannan misali, ka faɗe shi yadda yake: abinci da motsi ne tare, kuma mutanen suna da masu bibiyarsu a kai a kai. Kada ka tsaya a gaban jama'a ka ce tafiya kaɗai ce ta yi wannan aiki.

Akwai kuma adadin da ya shahara ba tare da ya fito daga bincike ba. Taku 10,000 a rana da wayoyin hannu ke ƙirga wa mutane ya samo asali ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da aka sayar a Japan a 1965. Da aka zo aka auna, wani binciken 2019 a kan tsofaffin mata a Amurka ya gano cewa masu yin taku kusan 4,400 a rana sun fi masu yin 2,700 tsawon rai, kuma ribar ta daina ƙaruwa a wajen taku 7,500. Saboda haka kada ka karya gwiwar dattijuwar da wayarta ta nuna mata 5,000. Duk wata da'awa da ta zo maka, ko ta WhatsApp ce ko ta bakin mai tallan shayin rage teɓa, ka tambayi a kan su wa aka gwada, da su wa aka kwatanta su, har tsawon wane lokaci aka bi su, kuma wa zai ci riba idan ka yarda.

Duba mutanenka kafin ka tsara musu komai

A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na baligai a duniya, mutum kusan biliyan 1.8, ba sa kaiwa adadin da ake so, kuma abin ya fi yawa a mata, kashi 34, a kan maza masu kashi 29. A cikin matasa 'yan shekara 11 zuwa 17 kuwa, kusan huɗu cikin biyar ne ba sa kaiwa. Waɗannan alƙaluma suna da amfani a takardar neman tallafi, amma ba za su gaya maka wa ke zaune a mazaɓarka ba. Manomin da ke duƙe a gona tun daga shuka har girbi, da ɗan garuwa, da matar da ke tafiyar awa guda neman itace, babu wanda ya kamata ya tara su yana yi musu wa'azin minti 150. Nasu bukatar hutu ne da ruwan sha da kula da ciwon baya. Waɗanda kake nema su ne mai shagon da ke kan benci daga hantsi zuwa magariba, da tela, da direba, da ɗan adaidaita sahu, da ma'aikacin ofis, da matar aure a gidan haya mai ɗaki biyu wadda injin niƙa da famfo da 'yan aike suka ɗauke mata ayyukan da kakarta ke yi, da kuma 'yan matan da aka janye daga gaɗa da wasan tsakar unguwa tun da suka fara girma ba tare da an ba su wani abu a madadi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da takardar tambayoyi 16 da ake kira GPAQ, wadda ke raba motsin mutum gida uku, na wurin aiki, na zirga-zirga, da na nishaɗi, sannan ta tambayi awa nawa yake yi a zaune. Ko ba ka yi amfani da ita baki ɗaya ba, ka ari wannan rabon ka tambayi mutum hamsin ko ɗari daga rukunoni daban-daban. Ka sani cewa mutane suna ƙara wa kansu, ba don ƙarya ba, don dai wahalar yini tana sa mutum ya ji kamar ya motsa. Tambayar "kana motsa jiki?" ba ta da amfani, ka ce masa ya ba ka labarin jiya, daga tashi zuwa kwanciya.

Bayan nan ka zaga unguwar da ƙafarka, sau ɗaya da sassafe, sau ɗaya bayan la'asar. Ka lura da inda ke da inuwa da inda babu, inda kwata ta cinye gefen hanya, inda masu kaya suka baje har kan titi, inda babu fitila, inda majalisar samari za ta sa mace ta fasa wucewa. Ka kuma rubuta duk filin da ke kulle ba a amfani da shi bayan an tashi daga makaranta.

Abin da aka gwada

A Amurka akwai kwamitin masana mai zaman kansa da ma'aikatar lafiyar ƙasar ta kafa a 1996, aikinsa tattara binciken da aka yi a kan shirye-shiryen lafiyar al'umma, ya tace su, ya faɗi wanda hujjarsa ta yi ƙarfi da wanda ba ta isa ba. Ana tara hukunce-hukuncensa a kundin da ake kira Community Guide, kowa kuma na iya karanta shi kyauta a intanet. A kan motsa jiki, kwamitin ya goyi bayan haɗa mutane su zama abokan tafiya masu ƙarfafa juna. Buɗe wuraren motsa jiki ko sauƙaƙa shigarsu tare da sanar da jama'a. Taimaka wa mutum ɗaya-ɗaya ya sa wa kansa buri daidai da halinsa. Gyara darasin wasanni a makaranta ta yadda yara za su ƙara yawan lokacin da suke motsi a cikinsa. Gangamin gari mai haɗa kafofin yaɗa labarai da ayyuka a ƙasa. Da kuma tsara tituna da unguwanni yadda tafiya a ƙafa da keke za su yi sauƙi. Ya goyi bayan manna sanarwa a gindin matattakala don mutane su bar na'urar hawa bene, amma wannan sai a manyan asibitoci da ofisoshin da ke da na'urar, kuma a wurarenmu rashin wuta ya riga ya yi wannan aikin.

Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne ɓangaren da kwamitin ya ce hujja ba ta isa ba, domin a nan ne kuɗinmu suka fi tafiya. Sanarwar rediyo da talabijin ita kaɗai, ba tare da wani abu a ƙasa ba, tana cikin wannan rukuni, haka ma darasin aji da ke zuba wa yara bayani kawai. Wannan ba ya nufin an tabbatar ba su da amfani. Yana nufin ba a ga isasshiyar shaidar cewa suna sa mutane tashi ba. Rediyo tana da ƙarfi a ƙasar Hausa fiye da wurare da yawa, don haka ka yi amfani da ita, amma sanarwar ta ƙare da wuri da rana da lokaci: filin makaranta kaza, Asabar da Talata, bayan sallar asuba.

Na taɓa shiga wani tattaki da aka shirya don bikin wata ranar lafiya. An raba riguna da huluna, an gayyato 'yan jarida, babban baƙo ya taka abin da bai kai zagayen filin ƙwallo biyu ba ya shige motarsa, mu kuma muka ƙarasa muka sha lemo muka watse. Kuɗin rigunan kaɗai da sun biya mai gadin da zai buɗe filin wata makaranta kowace safiya na tsawon watanni. Garuruwan da suka ci ribar irin wannan taro sun ci ne saboda maimaitawa. Birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ya fara rufe wa motoci tituna tun 1974, kuma yanzu kowace Lahadi da ranar hutu ana bar wa masu ƙafa da keke fiye da kilomita 100 daga ƙarfe bakwai na safe zuwa biyu na rana. Kigali ta Ruwanda ta fara nata a 2016, ana yi sau biyu a wata, ana kuma auna wa mutane hawan jini da suga kyauta a wurin. Tsarin motsa jiki na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2018 zuwa 2030, wanda ke neman rage rashin motsa jiki da kashi 15 cikin 100, shi ma bai tsaya kan wayar da kai ba. Ya haɗa da muhalli da ayyukan da ake kai wa mutane da tsarin hukumomi, kuma za ka iya kafa hujja da shi a gaban shugaban ƙaramar hukuma.

Ka sauya rigar, ka bar ƙashin bayan

Yawancin wannan bincike an yi shi ne a ƙasashe masu sanyi da gefen titi na masu tafiya, don haka dole ka daidaita shi da wurinka. Abin lura shi ne ka gane wane ɓangare ne ke yin aikin don kada ka jefar da shi. A ƙungiyar tafiya, abin da ke aiki shi ne tsayayyen lokaci, sanannun abokai, da kuma sanin cewa idan ba ka zo ba wani zai lura. Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen da suka san adashi da sahun sallah.

Ga maza, babu lokacin da ya kai bayan sallar asuba: sun riga sun tashi, sun riga sun taru, gari da sanyi, titi babu ababen hawa. Ka fara da liman da mai unguwa, ka nemi mutum biyar zuwa goma, kada su fi haka, ka sa ɗaya daga cikinsu ya riƙe littafin suna. A makon farko minti goma zuwa sha biyar sun isa, a riƙa ƙara minti biyar duk mako ko mako biyu har a kai rabin awa, kwana biyar a mako, wanda shi ne minti 150 cif. Wanda aka kwana biyu ba a gan shi ba, a biya ta ƙofar gidansa a yi sallama.

Ga mata, wuri ne babbar matsala, kuma idan ba ka warware ta ba shirinka zai zama na maza zalla, alhali su ne alƙaluma suka nuna sun fi bukata. Harabar Islamiyyar matan aure mai katanga, ko tsakar wani babban gida, ko filin makarantar 'yan mata bayan an tashi, duk suna yi, muddin mace ce ke jagoranta kuma an nemi yardar mazajen tun farko ta bakin wanda suke jin maganarsa. Minti ashirin kafin a fara karatu ko bayan an tashi ya fi sauƙin ɗorewa a kan sabuwar fita ta musamman. Atisayen ƙarfi ba ya bukatar sayen komai: tashi da zama daga kujera ba tare da dafa gwiwa ba, tura bango da hannu biyu, ɗaga jarkar ruwa, wadda mai lita biyar nauyinta kilo biyar ne, sai tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango ga dattawa.

A makarantar firamare kuwa, wata shugabar makaranta a garin Stirling na Sikotilan ta fara fitar da yara a 2012 su yi gudu ko sassarfa na minti 15 kullum da kayan makarantarsu, kuma tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa saboda ba ya cin ko sisi. Mu muna da langa da tsallen igiya da 'yar gala-gala. Abin da za ka hana shi ne darasin wasannin da yara ashirin da biyu ke buga ƙwallo, saura tamanin, galibi 'yan mata, suna zaune a gindin bishiya.

Sai yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, don haka babu tafiya tsakanin hantsi da la'asar, kuma kowa ya zo da ruwansa. Ranar da hazon hunturu ya yi kauri, masu asma su yi nasu a cikin gida. Da azumi a mayar da tafiyar bayan buɗa-baki ko bayan asham, a rage tsawonta, amma kada a dakatar, domin ƙungiyar da ta yi hutun wata guda da wuya ta dawo. Maniyyata aikin hajji kuwa su ne mafi sauƙin shawo kai: ka gaya musu cewa safa da marwa kaɗai, kai-komo bakwai, ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da tafiyar jifa, za ka ga sun riga ka zuwa filin.

Minti uku a ɗakin duba marasa lafiya

Gajeriyar shawara a asibitin matakin farko tana cikin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin masu amfani, amma sai an yi ta da tsari. Maimakon jumlar nan ta sallama, ka tambaya: "Hajiya, jiya ina da ina kika taka da ƙafa?" Idan ta ce daga ɗaki zuwa madafa ne kawai, kada ka ambaci 150. Ka ce, "Gidan 'yarki da kike zuwa a adaidaita, minti nawa ne a ƙafa?" Idan ta ce goma, ku yi yarjejeniya a kan zuwa da ƙafa sau uku a wannan mako, ita ce za ta zaɓi ranakun, ka rubuta a katinta kamar yadda kake rubuta magani, ka gaya mata ranar da matan Islamiyya ke haɗuwa, sannan idan ta dawo ya zama shi ne abin da za ka fara tambaya. Ga mai hawan jini, motsa jiki a kai a kai kan sauke lambar sama ta awon jini da kimanin 5 zuwa 8, kusan abin da ƙwayar magani guda ke yi, amma ka jaddada masa cewa ƙari ne a kan maganin, ba dalilin ajiye shi ba. Ga mai ciwon suga, kada ya bar fiye da kwana biyu a jere ba motsi, domin tasirinsa a kan suga ba ya daɗewa. Ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa kullum, kuma idan yana allurar insulin ko shan maganin suga mai suna glibenclamide ya riƙe dabino ko sukarin shayi a aljihu saboda faɗuwar suga.

Yawancin mutane suna iya fara tafiya a hankali ba tare da wani gwaji ba. Wanda awonsa ya kai 180 bisa 110, ko yake da sanannen ciwon zuciya, ya ga likita tukuna. Mai sikila ya tsaya a matsakaici, ya yawaita shan ruwa, kada ya kai kansa ga galabaita. Kowane jagoran ƙungiya ya san alamun tsayawa nan take a nufi asibiti: ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri ko suma, hakin da ya wuce ƙimar aikin, bugun zuciya ba bisa tsari ba, ga mai ciki kuma zubar jini ko ruwa ko ciwon mara mai zuwa yana dawowa.

Riƙe littafi

Ka ƙirga mutane, kada ka ƙirga taruka. Littafi ɗaya mai layi ya isa: suna, shekaru, ranakun zuwa, awon jini a ranar farko, da sau nawa mutum zai iya tashi ya zauna daga kujera cikin daƙiƙa 30. Ka sake awon a mako na 12 da na 24. Kada ka sa sikeli ya zama alƙalin shirin, saboda motsa jiki shi kaɗai ba ya sauke nauyi da yawa, kuma wanda aka yi wa alkawarin ramewa zai daina zuwa a wata na biyu, alhali jininsa ya sauka, barcinsa ya gyaru, gwiwarsa ta daina ƙara.

Shafin da ya fi kowanne amfani shi ne na waɗanda suka daina zuwa. Ka bi su ka tambayi dalili, ka rubuta da kalmominsu. Idan mata shida suka ce lokacin ya ci karo da shirya yara makaranta, ka matsar da lokacin. Idan damina ta mayar da hanyar taɓo, ka nemi barandar makaranta kafin ruwan farko ya sauka. Idan kuma amsar ita ce ƙofar filin a kulle take, ka ɗauki littafin ka kai zaman kwamitin raya mazaɓa, ka buɗe shi a gaban hakimi ko dagaci da shugaban makarantar, ka nuna musu sunaye arba'in da awon jininsu na farko da na yanzu, sannan ka nemi a ba jagoran ƙungiyar makulli.